Wane aiki ya dace a ba yaro a gida, kuma daga shekara nawa?

Maman Ƴan Uku: Assalamu alaikum iyayen gida, don Allah shawara nake nema. Ina nan Birnin Kebbi, yarana uku, babban namiji ne shekara 9, mai bi masa mace shekara 7, sai ƙaramin da bai cika biyu ba. Na raba musu aiki, shi wanke-wanken dare da cika butoci, ita shara da kwashe shimfiɗa. To Hajiyar maigidan ta zo mana kwana biyu ta tarar da shi tsugune gaban baho da soso a hannu, wallahi kamar ta ga gobara, ta ce maigidanta ba zai wanke kwano ba tana raye, ta ɗaga shi ta ce kishiyarta ta zo ta karɓa. Ita kuma yarinyar a ganin Hajiya har goyon ƙaninta ya kamata ta riƙa yi, ta kai niƙa, ta ɗebo ruwa a bohol ɗin bakin layi. Ban ce uffan ba tunda suruka ce. A gidajenku wane aiki kuke ba yaro a wace shekara? Kuma wai namiji laifi ne ya taɓa soso?

Amaryar Bana: Hhhh maigidanta fa. Kakanni kenan, su ɓata miki yaro su koma gida su bar ki da shi.

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam ɗiyata. Ni dai ban ga laihin Hajiyarku ba, hakanan munka tashi. Dauri ɗiya mace ita ka shara da wanke-wanke da surhe, namiji shi ka bin ubanai gona da kiwo da ɗebo icce. Kowa da nashi. Ni ina da shekara bakwai ina tankaɗe, ina da tara na iya tuƙa tuwo ƙaramar tukunya, kuma ga ni lahiya lau har da jikoki.

Ƴar Argungu: Hajiya da girmanki, amma yanzu ina gonar? Yaron da ag unguwannin birni irin GRA ko Gesse ko Badariya wace gona shi ka zuwa? An ɗauke mai aikin maza don babu shi cikin gari, kuma an hana mai aikin cikin gida don wai na mata na, to mi yar rage mai? Waya da kallon ƙwallo. Ita ko ɗiya macen aikinta bai ragu ba ko kaɗan, ƙari ma anka yi mata da boko da islamiyya.

Maman Ƴan Uku: Wallahi abin da ke cina kenan Anti. Ya dawo makaranta ya jefar da jaka ya fice, ita ko ko yunifom ba ta cire ba an fara ƙwala mata kira.

Baban Yara Jega: Ku yi haƙuri in sa baki duk da dai na ga zauren na mata ne yau. Ni ban yarda a mayar da ɗa namiji ɗan daudu ba. Akwai aikin da in ya saba da shi sai ka ga har maganarsa ta canza. Nawa suna wanke mashin, suna ba tumaki dusa da harawa, suna zuwa cefane, ranar kasuwar Jega su taya ni a shago. Amma murhu da kwanoni na uwarsu ne da ƴan uwansu mata.

Amaryar Bana: Baba to masu shayi da masu tsire da masu wanki da guga duk garin nan mata ne? Mai shayin bakin tasha kofi nawa yake wankewa a rana?

Baban Yara Jega: Wannan sana'a ce ƴata, kuɗi ake biyansa.

Amaryar Bana: Au, in da kuɗi namiji ne, in don ya taimaki uwarsa ne ya zama daudu. To madalla.

Malamin Islamiyya: Alhaji a yi hattara da wannan kalma, ta yi nauyi. An tambayi Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita, wannan yana cikin Bukhari. A wasu ruwayoyin ta ambaci yana ɗinke tufarsa, yana gyara takalminsa, yana tatsar akuyarsa. Saboda haka mu kira abin da sunansa, al'ada ce, kuma ba kowace al'ada ce abin zargi ba, amma kada a jingina wa addini. Batun shekaru kuma, dubi yadda aka ce a umarci yaro da salla yana da bakwai, sai ya kai goma ake tsanantawa. Shekara uku cur ana koya masa kafin a kama shi da laifi. Mu kuwa yau za a nuna wa yarinya wanke shinkafa gobe a dake ta don an ci tsakuwa.

Baban Yara Jega: Na karɓi gyara kan kalmar Malam. Amma kan tsarin gidana ina nan.

Sista Mai Jinya: Ni ta wajen aikina zan yi magana, don rigimar namiji da mace ba ta dame ni ba kamar wannan ɗebo ruwan da Hajiya ta ce. Jarkar nan rawaya da muke amfani da ita lita 25 ce, lita ɗaya na ruwa kilo ɗaya ne, kenan kilo 25 banda nauyin jarkar. Yarinya ƴar shekara 7 ita kanta kilo 20 da ɗan wani abu take. Wato za ki ɗora mata abin da ya fi ta nauyi a ka, wuyan da ƙashinsa bai gama ƙwari ba. In dole sai ta ɗebo a ba ta ƙaramin bokiti ko galan na lita 4 ko 5 ta yi sawu biyu uku, shi kuma yayan ya tura baro in akwai. Rijiya kam kada ma a fara, yaro ƙasa da shekara 12 ba shi da abin yi a bakin rijiya buɗaɗɗiya shi kaɗai, guga in ta cika ita ke jan yaro ba shi ke janta ba.

Sai goyo. Ta zauna a tabarma ta yi masa wasa kina kusa, wannan daidai ne. Amma a ɗaura mata shi a baya ta riƙa yawo tsakar gida ga murhu ga tukunyar ruwan zafi, ko ta fita layi da shi, a'a. Abin da muke gani a asibiti kenan kullum, ƙuna da faɗuwa, kuma in ka bi labarin sai ka ji babbar da aka bar wa yaron ita ma yarinya ce. Daga baya ita za a yi ta zagi har ta girma da abin a ranta.

Hajiya Babba: Mu da munka yi goyon ƙannenmu mi yas same mu?

Sista Mai Jinya: Hajiya Allah ya tsare ku ne, kuma gidan da babban gida ne, ga kishiyoyi ga matan ƙanne ga kaka, ido goma ke kan yaro ko da yana bayan yayarsa. Yanzu mace ɗaya ce cikin fulat tana kicin ta rufe ƙofa.

Ƴar Argungu: Wagga magana gaskiya ta. Gidanmu mata shidda ka girki bi da bi.

Malamar Firamare: Bari in faɗi yadda nake yi da nawa da kuma abin da na lura da shi a aji, ba doka ba ce kowa ya san ɗansa. Ɗan shekara 3 zuwa 4 ba aiki yake ba, kwaikwayo yake, kuma lokacin ne yake roƙon a ba shi. Ki ba shi. Ya kai kofinsa wurin wanke-wanke, ya tara takalma bakin ƙofa, ya miƙo miki ludayi, ya watsa wa kaji tsaba. Zai ɓata fiye da yadda ya gyara, ki kau da kai. Matsalarmu a nan ne muke korarsu, tashi ka ba ni wuri kana ɓata min lokaci, sai ya kai goma mu dawo muna cewa malalaci ne. Daga 5 zuwa 7 sharar ɗaki da ƙaramar tsintsiya, naɗe tabarma, cika buta, tsintar wake da shinkafa a faifai, zage zogale, ɓarar gyaɗa, ɗauraye kwanon roba da na silba banda tangaran da wuƙa, wanke safarsa da ɗan kamfai. Daga 8 zuwa 10 wanke-wanke sosai, wanke yunifom, kai niƙa in injin na cikin unguwa ne ba sai an tsallaka titi ba, tankaɗe, jajjage, aike da ƙaramin kuɗi ya dawo da canji daidai, wannan ma lissafi ne yake koya. Wuta da wuƙa mai kaifi ni sai 11 ko 12 kuma ina tsaye, a fara da dafa ruwan shayi da taliya kafin a je ga suya, don mai mai zafi ba ya yafiya. Kuma duk abin da na lissafa ban ce mace ko namiji ba.

Amma ga abin da ya fi damuna. Yarinya ta shigo aji ƙarfe tara saura, hannu duk ya yi fari da omo, ta kifa kai a benci kafin a fita tara ta yi barci. Ka tambaye ta, tun asuba ta yi shara ta wanke kwanonin jiya ta yi wa ƙanne wanka ta kai kunu bakin hanya. Ɗan uwanta uwa ɗaya uba ɗaya yana layin asembili tun bakwai da rabi. Ƙarshen zango a ce ai ita ba ta da kai.

Maman Ƴan Uku: Malama Allah ya saka da alheri, na yi sikirinshot. Ashe ma ban yi wa babban yawa ba.

Malamar Firamare: Ko kusa. Ɗan shekara 9 ya ci a ce yana wanke yunifom ɗinsa ranar Asabar.

Ɗan Aliero: Duk maganar ƴan birni kuke. Ku zo nan lokacin dashen albasa ko cirarta ku gani ko akwai yaron da ke zaune. Mu matsalarmu ba rashin aiki ba ce, yawansa ne. Kuma tun da aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na Anchor Borrowers a Birnin Kebbi a 2015 kowa ya koma fadama rani da damina, in shinkafa ta fara nuna tsuntsayen jan baki suka sauko, wa ke korar tsuntsu? Yara ne. Tun duku-duku suna can da gwangwanaye a jikin igiya suna ja suna ihu har rana ta faɗi, sati uku ko fiye, makaranta sai dai labari. Kuma ba za ka ce wa manomi ya bari ba, wuni ɗaya in aka bar tsuntsun nan sai ya tashi da wahalar wata huɗu.

Ƴar Argungu: Awo, nan ma hakanan ta. Ƙanena abin da shi ka yi, ya ɗauki mutum guda ya biya shi na sahe, yaran su karɓe shi bayan an taso boko. Kuɗi na, amma ya hi a ce sun rasa jarabawa.

Ɗan Aliero: Mai hali kenan. Wanda bashi ya ci ya noma fa?

Lauyan Zaure: Don ƙarin haske kawai. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta hana yaro taya iyayensa aiki ba. Abin da ta ce, yaro ƙasa da shekara 12 ba a ɗaukarsa aiki sai dai aiki mara nauyi na gida ko na gona a hannun danginsa, kuma ba a sa shi ɗaukar kayan da nauyinsu zai cutar da girman jikinsa. Sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta UBE ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara. To ma'aunin a takarda ke nan, nauyi da makaranta. Aiwatarwa kuma kun fi ni sani.

Gwauron Gusau: Gaisuwa daga maƙwabta. Hajiya Babba ta ambaci ɗebo icce, mu a Zamfara wannan aikin ya fita daga lissafin yara a wurare da yawa, wa zai tura ɗansa daji yanzu da halin da ake ciki? Ko kiwo sai kusa da gari. Kuma mu mun ga iyakar a ce aikin gida ne ai ba komai. A 2010 lokacin gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum irin su Bagega da Dareta, dutsen zinare ake kawowa cikin gida ana daka ana niƙa, yara na taya iyaye wasu na rarrafe cikin ƙurar, yara sama da 400 suka rasu. A tsakar gida fa, ba a rami ba. Don haka ba kowane abin da ake yi cikin gida ne yaro zai sa hannu ba.

Batun maza kuma Baban Yara, ni gwauro ne ina ganin abokaina. Ƙato da gemu matarsa ta tafi wankan jego kwana arba'in, shi da ƴaƴansa biredi da shayi safe da dare, kwanoni sun yi tsiri har da tsutsa suna jiran ta dawo. Ni mahaifiyata maza biyar ta haifa ba mace, dole muka koya, yau har hoce da miyar sure ina yi in na so.

Amaryar Bana: Shi ya sa ka ƙi aure kenan, ba abin da za a yi maka yanga da shi hhh

Gwauron Gusau: Kuɗin lefe ne ƙanwata, ba miya ba.

Sista Mai Jinya: Tunda an zo batun abin da ke cikin gida, wankin banɗaki. Don Allah kada a ba yaro Hypo da Harpic ya shiga ya rufe ƙofa. In aka haɗa su wuri ɗaya iska mai guba suke fitarwa, tana shaƙe numfashi, manya ma da yawa ba su sani ba suna ganin ƙarin tsafta ne. Haka fiya-fiya da maganin feshin gona da kalanzir da ake zubawa a robar lemo. Yaro ya share banɗaki da ruwa da omo ya isa. Kuma wadda ta fara koya wa yaro girki ta san wannan, in ya ƙone ruwa mai sanyi za a yi ta zubawa kamar minti 20, ba ƙanƙara ba, ba makilin ba, ba ɗanyen ƙwai ko manja ba, sannan a kai asibiti in wurin da girma.

Hajiya Babba: To ni dai abin da nig gani, ɗiyan yanzu ba su da juriya. Icce tun shina ɗanye a ka tanƙwara shi.

Ƴar Argungu: Hajiya ai mun yarda, cewa mu kai a tanƙwara duka biyun, ba a lanƙwashe guda har ta karye guda ko shina tsaye shina kallo ba.

Hajiya Babba: Ke dai da bakinki. To ku yi yadda kunka gani, amma ku bi tsohuwa da lalama, kada ta ji kamar an raina ta gaban jikokinta.

Malamin Islamiyya: Wannan kam gaskiyar Hajiya ce. Maman Ƴan Uku kada ki yi musu da ita, maigidan ne zai yi wa mahaifiyarsa magana, daga bakinsa ba za ta ji zafi ba. Kuma in shi da kansa ya ɗauki tsintsiya ko sau ɗaya a sati yaron na gani, rabin aikin ya ƙare.

Maman Ƴan Uku: Malam wannan shi ne mai wuyar ai, shi ma goyon Hajiyar ne hhh. Zan dai gwada.

Maman Biyu Yauri: Ni tambayata daban ce. Ana biyan yaro in ya yi aiki? Maƙwabciyata naira 100 take ba nata in sun yi wanke-wanke, yanzu nawa sun fara ce min nawa za ki ba mu.

Baban Yara Jega: Kul. Ranar da ba ki da canji ranar za ki wanke kayanki da kanki. Abincin da ya ci a kwanon biya ya yi?

Amaryar Bana: Yau dai ni da Baba mun haɗu a layi ɗaya.

Malamar Firamare: Ni ma ba na biya kan aikin kullum. Amma in wani aiki ne na daban wanda dama sai na biya wani, kamar ɓarar buhun gyaɗa ko share ciyawar bayan gida bayan damina, ina ɗan sa musu a asusu. Kuma yabo na aiki fiye da yadda muke zato, musamman a gaban babansu.

Ɗan Aliero: Mu nan ƴar tunkiya ake saya wa yaro a ce taka ce. Shi zai yi mata ciyawa, shi zai ba ta ruwa, ya share turken, ba sai an tashe shi ba. In ta haihu a sayar da ɗa ɗaya gab da salla a yi masa kaya a ciki a ƙara da kuɗin littafi.

Maman Biyu Yauri: Gidan haya nake, mai gidan ko kaza ya hana.

Gwauron Gusau: To ki ce a maƙwabta suke cin abinci su je can a biya su.

Maman Biyu Yauri: Kai dai Allah ya shirye ka. Malama, asusun na ƙasa kike saya musu ko na katako? Na ƙasan nawa kwana biyu suke fasa shi.

Malamar Firamare: Na katako mai ƙusa, kafinta ke buga min, kuma a ɗakina yake kwana.